Allurai Uku a Kwamfutar Alhaji Mamuda

An yi wani mutum a wani gari, kuma ba zan faɗi sunan garin ba, don na san halinku, yanzu wani zai ce ai garin kakarsa ne ya ɗauke mana hankali. Ba a can zamanin da aka yi shi ba, tunda har da kwamfuta a labarin, amma dai an kwana biyu. Abin da ya tuno mini da shi ku ne. Yau sati uku ke nan, duk na fito daga masallacin nan sai in tarar da ku a gindin dalbejiya kuna ta da jijiyar wuya. Wannan ya ce gara mutum ya sayo kayan ciki ɗaya bayan ɗaya a haɗa masa kwamfutar tebur, wancan ya ce gara ya sayo haɗaɗɗiya ta kamfani a kwalinta. Har gida aka bi ni wai in raba gardama, ni da ko wayata ban gama gane kanta ba. To tunda kun matsa, ku zauna ku saurara. Kai mai jar hula, sa wayar nan a aljihu, ba za ta gudu ba.

Wannan bawan Allah sunansa Haladu. Sana'arsa haɗa kwamfuta da gyaranta. Ba shi da shago. Tebur ne kawai a ƙarƙashin matakalar wani bene a bakin kasuwa, da kujera ɗaya, da bencin masu jira, da gwangwanin da yake zuba sukundireba. Ba allon talla, ba komai. Jarinsa gaba ɗaya magana ɗaya ce da mutanen garin suke yi: "Ka kai wa Haladu, hannunsa bai taɓa ɓata abu ba." Shekara goma sha ɗaya ana faɗin haka. Da wannan maganar yake ci, da ita yake ciyar da iyalinsa. Ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Wata rana sai ga wani attajiri, Alhaji Mamuda mai sayar da takin zamani, ya tsaya a gaban teburin nan. Ya ce, "Haladu, shawara na zo nema. 'Yata Zulai ta koyi tsara katin biki da kalanda, ina so in saya mata kwamfuta ta kama sana'a. In sayi haɗaɗɗiya, ko in sayo kaya ka haɗa mini?"

Haladu ya ce, "Alhaji, in tawa za ka bi, ka sayi haɗaɗɗiya. Haɗawa tana da amfaninta. Kai za ka zaɓi kowane abu da kanka, ka ƙara ƙarfi inda kake so, in wani abu ya tsufa shi kaɗai za ka canja. Amma wannan na mai aiki ne mai nauyi, wanda kuma ya san abin da yake saye. Aikin Zulai bai kai nan ba. Haɗaɗɗiya da takardar garanti take zuwa, ranar da ta ba da matsala ƙofa ɗaya za ka ƙwanƙwasa. Wadda aka haɗa kuwa, kaya bakwai ne daga hannu bakwai. Ranar da ta ƙi tashi, kowa ɗan'uwansa zai nuna."

Ku lura fa, haɗawar nan ita ce abincinsa. Mutum ya zo da aiki har gabansa, shi kuma yana nuna masa wata hanyar.

Alhaji ya ɓata fuska ya ce, "Ai an ce mini haɗawa ta fi araha, ta kuma fi ƙarfi."

An ce. Wa ya ce? Majalisa ta ce. Abin da yake ba ni haushi da mu ke nan, jama'a. Sai mun gama yanke hukunci tun daga gida sannan mu ɗauki ƙafa mu ce mun zo neman shawara. Ba shawara muke nema ba, shaida muke nema. Alhaji Mamuda ba araha ce ta dame shi ba, yana da abin saye. So yake ya zauna cikin abokansa ya ce, "Ni tawa haɗa ta aka yi, babu irinta a garin nan." Haladu ya sake faɗa masa sau ɗaya, ya ga ba ji zai yi ba, sai ya rubuta masa jerin kayan da za su dace da juna a takarda.

Alhaji ya shiga sayayya, kuma sayayyar zumunci ya yi, don kada ran kowa ya ɓaci. Akwatin a wurin surukinsa, na'urar rarraba wuta a wurin wani abokinsa, wannan a nan, wancan a can. Manyan kayan biyu kuwa a wurin ƙaninsa ya saya, Tasi'u, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda yake da shagon kayan kwamfuta a kasuwar. Ɗaya shi ne babban allon nan da komai ake dasawa a jikinsa, masu sana'ar suna ce masa madabod. Ɗayan shi ne furosesa, ɗan abu ne kamar biskit, shi ne ƙwaƙwalwar. Sun yi ciniki har rai ya so ɓaci, don Alhaji yana ganin ƙani bai rage masa yadda ya kamata a rage wa yaya ba. Ya biya yana ƙunƙuni. Da ya koma gida sai ya ɗauki maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, ya rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a jikin kowane abu, wai kada mai haɗawa ya musanya masa da tsoho. Haladu ya ga rubutun, ya gane abin da ake nufi, ya haɗiye.

Akwai abu ɗaya da za ku sani kafin mu ci gaba. A satin nan, ranar Asabar, za a ɗaura auren 'yar Tasi'u ta fari. Kun san al'ada, uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa alhali yayansa yana raye. Alhaji Mamuda ne waliyyi, an buga sunansa a kati, an raba wa gari.

Ranar Talata da hantsi aka zo haɗawa. Da a ce Alhaji ya ajiye kaya ya tafi kasuwarsa, da ba a yi labarin nan ba. Ina! Ya zo da mutum uku daga majalisarsa suka tsaya a kan Haladu. Wannan ya ce ɗaure nan, wancan ya ce ɗan ƙanensa da ke Legas ba haka yake yi ba. A cikinsu babu wanda ya taɓa buɗe ko rediyo, amma kowa ya zama malami. Haka muke, ku je asibiti ku gani, masu dubiya sun fi likita sanin magani.

To a tsakiyar allon nan akwai wani ɗan gurbi, faɗinsa bai wuce akwatin ashana ba. A cike yake da 'yan allurai ɗaruruwa, sirara fiye da gashin gira, suna tsaye. A kansu ake kwantar da furosesa, a hankali, kamar ana kwantar da jariri. Haladu ya ɗauko shi da hannun dama, ya sunkuya zai ajiye. Daidai nan sai ga sallama. Wani dattijo ne, Malam Nomau, aminin mahaifin su Alhaji, ya zo wucewa ya gan su. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana musafaha, har ya iso kan Haladu da hannu a miƙe.

Ku gaya mini, ɗan mutunci zai bar hannun dattijo a iska? Ko zai ba shi na hagu? Haladu ya yi saurin mayar da furosesa hannun hagu don ya ba da dama. Abin ya suɓuce, ya faɗa cikin gurbin da gefensa. Ɗan ƙas aka ji, shi ma Haladu kaɗai ya ji, sauran suna can cikin ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar. Ya ɗaga ya duba da ido, bai ga komai ba. Ya kwantar da shi, ya rufe, ya gama haɗa sauran kayan.

Aka jona wuta, aka danna. Fanka ta juya sau biyu ta tsaya. Gilashin kwamfutar baƙi ƙirin. Aka sake, haka. Haladu ya cire wannan ya mayar, ya canja waya, shiru. Sai ya ce, "Alhaji, a bar mini ita in duba a tsanake."

Alhaji ya ce, "Ba sai ka duba ba, na san inda aka cuce ni." Ya zaro waya ya kira Tasi'u, ya buɗe murya kowa yana ji. "Tasi'u, ni za ka sayar wa mushe? Ni yayanka?"

Tasi'u ya ce, "Yaya, wallahi a kwalinsa na ba ka, ko buɗe shi ban yi ba."

"Rufe mini baki. Hannun Haladu bai taɓa ɓata abu ba, duk gari an sani. In ba shi ba ne, to kai ne. Ka nemi wanda zai ba da 'yarka ranar Asabar, ni dai ba da ni ba." Ya kashe waya.

Kun ji abin da aka yi da sunan Haladu? Da shi aka yanka Tasi'u. Kuma ba labarin mala'ika nake ba ku ba, labarin mutum ne irinku. A lokacin nan zuciyar Haladu ta tuna masa da ɗan ƙas ɗin nan. Amma bai tabbata ba, ga mutane, ga yabo ana yi masa. Bakinsa ya yi nauyi, ya yi shiru.

Washegari da safe ya je wurin wani mai gyaran agogo ya aro ɗan gilashin nan da suke mannawa a ido. Ya fito da allon cikin rana ya duba. Allurai uku sun kwanta, daidai kusurwar da abin ya faɗa. Ya ɗauko allurar ɗinki ya shiga tayar da su, yana riƙe numfashi. Ta farko ta tashi. Ta biyu ta tashi. Ta uku ta karye. Allon ya gama aiki.

To nan ne Shaiɗan ya jawo benci ya zauna. Ku saurara, don irin maganar da yake yi mana ke nan kullum, kuma ba ya zuwa da mummunar murya. Ya ce, Haladu, wa ya gani? Babu. An riga an sami mai laifi, kai me naka? 'Yan'uwa ne, ciki ɗaya suka fito, yau su yi faɗa gobe su shirya. Kai kuwa in sunanka ya faɗi, wa zai ɗaga maka shi? Da Haladu ya ƙi wannan, sai ya sauya salo. Ya ce, to ka yi kirki a ɓoye mana, ka sayo sabon allo ka sa, ka ce wata 'yar waya ce ta kwance. Haladu har ya tashi ya zaga kasuwa, ba zan ɓoye muku ba. Babu irinsa a garin sai wanda ya ɓata, in an yi oda sai bayan sati biyu, ga kuma sunan Alhaji da maka a jikin wancan. Allah ya toshe masa ƙofar ƙaryar da ta yi kama da alheri. Ranar Laraba ta wuce, tuwo ma kasa cin sa ya yi.

Ranar Alhamis labari ya gama gari. Dattawa sun je sun ba Alhaji haƙuri, ya ce shi ya rantse. A kasuwa ana nuna shagon Tasi'u da baki, ana cewa wanda ya cuci yayansa wa zai bari. Haladu ya zo wucewa ta gaban shagon, yana sauri kansa a ƙasa, sai Tasi'u ya kira shi. Yana zaune shi kaɗai, ragowar katin ɗaurin auren a kan kantar shagon.

Ya ce, "Haladu, don girman Allah, kai ka san kaya. A lalace allon nan ya zo? In a lalace ya zo ka faɗa mini, in je in durƙusa wa Yaya. Yarinyar nan tun shekaranjiya take kuka, ta ce me za ta gaya wa dangin miji."

Mutumin da ba shi da laifi yana shirin durƙusawa, mai laifin yana tsaye a gabansa. Haladu ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ya ce, "Ka ba ni zuwa la'asar."

Bayan la'asar ya naɗe allon a tsumma, ya ɗauki gilashin mai agogo, ya nufi majalisar Alhaji. Wani zai ce, me ya sa bai ja shi gefe ba? Saboda a gaban mutane aka ɓata Tasi'u. Mu mun iya wannan, mu zubar wa mutum da mutunci a kasuwa, sannan mu bi shi zaure mu ce a yafe juna. Ba haka ake yi ba.

Alhaji yana ganinsa ya ce, "Yawwa, ga mai sana'ar nan da kansa. Haladu, faɗa musu abin da ka gani."

Haladu ya tsuguna ya ce, "Alhaji, allon nan lafiyarsa ƙalau ya fito daga shagon Tasi'u. Ni na ɓata shi. Furosesa ne ya suɓuce mini ya kwantar da allurai uku, na zo tayar da su ɗaya ta karye. Ga gilashi, a duba."

Can wani daga cikin mutum ukun nan ya ce, "Af, lokacin da Malam Nomau ya miƙo hannu ne ko? To ai laifin tsohon ne."

Kun ga wata ƙofar ta sake buɗewa, har da mai riƙe masa labule. Haladu ya ce, "A'a. Dattijo gaisuwa ya yi, bai yi laifi ba. Ni ya kamata in ajiye abin da ke hannuna kafin in miƙa hannu. Kuma tun ranar Talata na ji faɗuwarsa, aka kira Tasi'u a gabana na yi shiru. Allurar tsautsayi ce, shirun kuwa ni na zaɓa. Zan biya allon, amma don Allah Alhaji ka janye maganar Asabar."

Kuna tsammani Alhaji ya rungume shi? Ba ku san mutane ba. Alhaji ya tashi tsaye ya wanke shi tas. Ya ce masa maƙaryaci, ya ce masa ɗan koyo, ya ce shekara goma sha ɗaya yana yaudarar gari. Kuma ba allon ne ya ƙona masa rai ba. Abin da ya ƙona masa rai shi ne yanzu dole ya kalli ƙaninsa a matsayin wanda aka zalunta. Aka aika aka kwashe sauran kayan daga teburinsa a ranar.

Ranar Asabar jama'a suka taru a ƙofar gidan Tasi'u, kowa yana satar kallon hanya. Saura kaɗan a fara sai ga Alhaji Mamuda cikin babbar riga. Bai ce yi haƙuri ba, irinsu ba sa iyawa. Cewa ya yi, "Tasi'u, ina wurin zamana?" Tasi'u ya tashi ya ba shi tsakiyar tabarma, yana share ido da hannun riga. Aka nemi aure, Alhaji ya bayar, aka shafa fatiha. Haladu yana can baya cikin rana, ya karɓi dabino biyu ya kama hanyarsa.

Na ga wasunku sun gyara zama, kuna jira in ce washegari wani attajiri ya ji labari ya buɗe masa katafaren shago. Bai faru ba. Ku daina auna gaskiya da abin da za ta biya ku kafin sati ya zagayo. Haladu ya sayar da babur ɗinsa ya biya allo. Bencinsa ya yi wata huɗu babu mai zama sai kaji. Maganar nan da yake ci da ita ta mutu, har masu tsokana suna wucewa suna cewa a kula da allura. Alhaji kuwa, bayan duk wannan, me ya yi? Ya je shagon Tasi'u ya sayi haɗaɗɗiya a kwalinta da takardar garanti, ya kai wa Zulai. Abin da aka gaya masa tun ranar farko, kyauta.

Amma Tasi'u yana sayar da kaya, kuma duk wanda ya sayi kaya sai ya tambayi wa zai haɗa masa. Sai Tasi'u ya ce, "Ka kai wa Haladu." Mutum ya ce, "Ba shi ne ya ɓata na yayanka ba?" Tasi'u ya ce, "Shi ne. Duk masu gyaran garin nan suna ɓatawa. Shi kaɗai ne in ya ɓata zai faɗa." A hankali wannan maganar ta maye gurbin waccan. Haladu bai yi arziki ba, a ƙarƙashin matakalar nan ya tsufa. Amma sunan farko ƙarya ce ke jiran ranarta, don babu hannun da ba ya kuskure. Na biyun kuwa babu tsautsayin da zai ƙwace shi.

To ga amsarku, masu gardamar gindin dalbejiya. In aikinka mai sauƙi ne kuma ba ka san kan kaya ba, sayi haɗaɗɗiya ka huta, ka bar mu mu huta. In ka san abin da kake so kuma za ka iya ɗaukar abin da ya biyo baya, haɗa abinka. Amma kafin ka zaɓa, tambayi kanka abu ɗaya: ranar da ta ƙi tashi, wa zai ce ni ne? Sati uku kuna lissafa ƙarfin wannan da saurin wancan, ban ji ko mutum ɗaya ya yi wannan tambayar ba.

Kuma ba maganar kwamfuta kaɗai nake yi ba, kun sani. Akwai tela a nan da ya yanka shadda ba daidai ba ya ce yadin ne bai kai ba. Akwai bakanike da ya karya noti ya ce da ma a tsage yake. Akwai magini da ya rage siminti, katanga ta faɗi ya ce ruwan bana ne. Akwai maigida da ya manta cefane ya shiga gida yana yi wa matarsa faɗa. Laifi tudu ne, kowa ya hau nasa yana hango na wani. Duk lokacin da ka ɓata ka yi shiru, kada ka ɗauka laifin ya ɓace. Yana nan, wani ne yake ɗauke da shi a madadinka, kuma galibi wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Saboda haka kowa ya duba, akwai wani Tasi'u da yake shirin durƙusawa a kan abin da hannunka ya yi? In akwai, ka san gidansa, kuma ka san a gaban su wa aka ɓata shi. Kada ka jira Asabar ta wuce. Allah ya ba mu ikon cewa ni ne tun a nan, kafin ranar da hannuwanmu za su faɗa da kansu. Ku tashi a yi alwala, lokaci ya yi.